Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Gwanintar Neman Tako a Meksiko

A birnin Meksiko, gaya wa direban tasi irin takon da ka ci, shi kuma ya gaya maka lokacin da ka ci shi. In ka ce na kwando ne, ya san da hantsi ne, a bakin tasha ko ƙofar ma'aikata. In ka ce na rago ne da aka turara a rami, ya san Asabar ce ko Lahadi, kuma sammako ka yi. In ka ce wanda ake yankowa daga sandar nan mai juyawa gaban wuta ne, ya san dare ya yi. Wannan ɗan sani shi ya raba baƙon da ya je kallon ƙwallo ya dawo yana cewa abincin mutanen nan duk iri ɗaya ne, da wanda ya dawo da labarin kowane gari a bakinsa.

Tako abu ne mai sauƙin fasali. Gurasa ce siririya ta masara ko ta alkama, girman tafin hannu, wadda suke kira tortiya. A ɗora mata nama ko wake ko ganye, a ɗiga markaɗen barkono, a ninke, a kai baki. Loma uku ya ƙare. Samunsa ma ba wuya: wani masanin taswira, Baruch Sanginés, ya lissafa cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na mazauna babban birnin ba sa wuce tafiyar mita 400 kafin su tarar da mai tako. Wuyar tana wajen zaɓe. Gwanin abin ba ya yawo yana cigiyar takon da ya fi kowanne daɗi a ƙasar. Tambayarsa ɗaya ce a ko'ina ya sauka: me mutanen garin nan suke ci a daidai wannan lokacin?

Ƙwallo kuwa ta zama hanya mai kyau ta koyon wannan. Meksiko ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya a 1970 da 1986, ga kuma ta 2026 da ta yi tarayya da Amurka da Kanada, ita ce ƙasa ta farko da ta yi sau uku. A jadawalin 2026 an ba ta wasanni 13 cikin 104: biyar a filin Azteca na babban birni, huɗu a Guadalajara, huɗu a Monterrey. Birnin Meksiko yana bisa tudu mai tsayin mita 2,240. Guadalajara tana yamma da shi, tafiyar fiye da kilomita 500. Monterrey tana can arewa, wajen kilomita 900, cikin zafi da duwatsu. Wanda ya bi Maroko a 1986 ya ga canjaras biyu a Monterrey, da Poland da Ingila, ya gangara Guadalajara ya ga ta doke Fotugal ci 3 da 1, ya sake komawa Monterrey wasan Jamus ta Yamma. Ko ya lura ko bai lura ba, ya yi ta kai da komo ne tsakanin ƙasar shanu da alkama da ƙasar akuya da masara.

Agogo shi ne malami na farko

Duk Bahaushe ya san ba a neman ƙosai mai zafi da sha biyun dare, ba a kuma tsayawa gaban mai tsire da hudowar rana. Haka tsarin tako yake, kuma a nan yawancin baƙi suke fara tuntuɓe.

Da safe a babban birni, na kwando ne ke mulki. Mutum ne a kan keke, a bayansa babban kwando an lulluɓe shi da shuɗiyar leda, a gefe an ɗaure manyan kwalabe biyu na markaɗen barkono. Tun asuba aka ninke ɗaruruwan tako ƙanana, na dankali, na wake, na fatar alade, aka jera su hawa-hawa, aka kwarara musu tafasasshen mai da albasa da barkono, aka rufe ruf. Cikin zafin nan suke yin gumi su yi laushi, su kai sa'o'i ba su huce ba. Yawancin masu wannan sana'a asalinsu wani ƙauye ne a jihar Tlaxcala, San Vicente Xiloxochitla. Shi ne tako mafi arha, abincin magina da masu gadi da ɗalibai, kuma kafin azahar ta yi nisa kwando ya zama fanko.

Daga hantsi zuwa bayan azahar sai na miya, wanda suke kira guisado. Za ka ga jerin kasaken yumɓu, goma ko fiye, kowanne da abin da ke cikinsa: kaza a jar miya, tattasai da kirim, dafaffen ƙwai da shinkafa, dankali, hanta da albasa, ganyen nopal, tsiron nan mai ƙaya da aka kankare aka yayyanka. Girkin gida ne aka fito da shi bakin titi. Nuni kawai za ka yi da yatsa.

Ran Asabar da Lahadi kuma ranakun barbacoa ne, kuma a nan ya kamata a dakata a duba, don aikin dare guda ne cur. A jihar Hidalgo, musamman wajen Actopan, da kuma Texcoco a gabas da babban birnin, ana haƙa rami mai zurfin kusan mita guda a jere shi da duwatsu ko bulo. Da yamma a cika shi da itace a kunna, a bar shi yana ci har duwatsun su ɗauki wuta. A ƙasan ramin a ajiye tukunya da ruwa da shinkafa da wake irin na Larabawa da barkono. A samanta a gitta waya. Sai a kawo ganyen maguey, dogaye masu kauri, a babbaka su har su yi laushi, a shimfiɗe ramin da su. A jera naman rago, gishiri kaɗai aka sa masa, a ninko ganyen a rufe, a ɗora murfi a liƙe da ƙasa yadda ko huci ba zai fita ba. Haka zai kwana. Kitsen da ruwan naman suna ɗiga cikin tukunya har gari ya waye. Da asuba a buɗe, nama yana zamewa daga ƙashi, romo kuma ya yi kauri da ƙanshin hayaƙi.

Wanda ya san wannan ba ya zuwa da rana tsaka. Da safe yake isa, ya fara da ƙoƙon romo, ya matsa lemun tsami, sannan ya zaɓi inda za a yanko masa, kafaɗa ko haƙarƙari. In ya ga wuri yana tallar barbacoa ta rami ran Talata da dare, ya san ɗumame ne, sai ya wuce abinsa.

Hannu ya san tortiya

Kafin ya kalli nama, gwani tortiya yake kallo. Masara a Meksiko aka fara nomanta, shekaru wajen dubu tara da suka wuce, kuma mutanen wurin sun daɗe da gano wata dabara: a tafasa tsabar da ruwan ƙonanniyar farar ƙasa, a bar ta ta kwana a jiƙe, a wanke, a niƙa da danshinta. Wannan jiƙon yana saɓule dusar, yana sa ƙullin ya kama jikinsa har a iya faɗaɗa shi bai tsage ba, yana kuma sakin sinadarin niacin da jiki ba ya iya tatsa daga masarar da ba a yi wa haka ba. Ƙasashen Turai da suka karɓi masara suka bar dabarar sun sha fama da cutar pellagra. Wannan ilimi na cikin abin da ya sa UNESCO ta saka girkin gargajiyar Meksiko a jerin kayan gadon duniya a 2010.

Gwajin ba shi da wuya. Tortiya ta ƙwarai tana ƙanshin masara tun kafin ta iso hannu. A kan kasko tana kumbura ta yi ciki, sannan ta sace. In ka ninke ta, ba ta karyewa. In romo ya jiƙa ta, ba ta narkewa a yatsu. Wadda ta kwana a leda kuwa fari fat take, ba ƙanshi, tana tsagewa a ninki na farko. Idan ka hango mace a gefen rumfa tana mulmula ƙulli, tana matse shi tsakanin faranti biyu na ƙarfe, tana jefawa kan wuta ɗaya bayan ɗaya, to ka iso. Da wuya wurin da ya ɗauki wannan ɗawainiya ya yi sakaci da nama.

A tsakiyar ƙasar da kudancinta masara ce. A arewa, inda Sifaniyawa suka kawo alkama da shanu, ta fulawa ce ke da daraja, siririya mai laushi da ɗigo-ɗigon ƙuna. Wanda ya je Monterrey ya raina ta fulawa don wai ba ta asali ba ce, ya nuna baƙuntarsa.

Karanta kayan wuta

Allon suna yana iya ruɗin mutum. Kayan aiki ba sa ƙarya. Daga tsallaken titi masani yake gane abin da ake sayarwa, da ganin abin da ke kan wuta.

In ya ga faffaɗan kaskon ƙarfe mai tudu a tsakiya, kitse yana ɓararraka a kewaye, ya san suadero ne, takon daren babban birni. Wani yanki ne na saniya, tsakanin ciki da cinya, mai tauri in an gaggauta shi. Yakan daɗe yana dahuwa a hankali cikin kitsen nan tare da hanji. Kana cewa a ba ka, mai tako ya tsamo gunduwa ɗaya, ya ɗora kan kututturen icen da tsakiyarsa ta lotsa saboda sara, ya daddatse ta da faffaɗar wuƙa, sauti ɗaya ba ya kuskurewa. Da ɗaya hannun ya ɗauki tortiya biyu ƙanana, ya dangwala gefensu a kitse, ya manna su kan tudun kaskon su yi zafi, ya kwashi nama da su kamar da cokali, ya watsa albasa da ganyen koriyanda. Duk wannan kafin ka gama laluba aljihu.

In ya ga tururi yana tashi daga ƙarƙashin leda ko ƙyalle, kan saniya ne aka turara, kuma a nan sai ka faɗi inda kake so: kunci, harshe, leɓe, ko a haɗa maka.

In kuwa ya ga tarin jan nama a tsaye jikin sanda, faɗi a sama, tsini a ƙasa, abarba a ƙoli, to al pastor ke nan, wanda ya fi kowanne suna. Duk wanda ya san shawarma zai ga kama, kuma ba banza ba. Baƙi daga Labanan da maƙwabtanta ne suka kawo gashin tsaye birnin Puebla, suka fara sayar da shi cikin gurasar Larabawa a shekarun 1930. Daga baya aka sauya rago da alade, aka shafe shi da jan barkono da achiote, aka mayar da shi kan tortiyar masara, ya cika babban birni daga wajen shekarun 1960. Ko wanda ba zai ci ba ya tsaya ya kalli hannun mai yankan. Doguwar wuƙa a dama, tortiya a hagu. Yana shafto gasasshen gefen siriri-siriri yana faɗowa daidai tafinsa, sannan ya ɗaga wuƙar sama ya fizgi ɗan yankin abarba, ta yi tsalle a iska, ya cafe ta da tortiyar ba tare da ya ɗaga ido ba. Masani ya san ma'aunin wannan wuri: sanda tana juyawa, layi yana tafiya, kowane yanka sabon gashi ne. Ƙaton tarin nama da ba kowa a gabansa, abin gudu ne.

Wani shahararren wuri a unguwar Narvarte, El Vilsito, da rana garejin gyaran mota ne, da dare ake kunna wuta. Wani kuma, El Califa de León, ɗan shago ne da ba wurin zama, yana nan tun 1968 da tako iri huɗu kacal, ya samu tauraron Michelin, lambar yabo ta gidajen abinci, a 2024. Irin waɗannan sunaye suna cikin wayar kowane baƙo, shi ya sa ranar wasa layinsu ba ya ƙarewa. Darasin da ke cikinsu ya fi adireshinsu amfani: wurin da ya tsaya kan abu ɗaya ko biyu shekara da shekaru ya fi mai dogon jerin abinci da hotuna a bango.

Guadalajara: akuya a kwano

Baƙo yakan iso Guadalajara da hoton birria a ransa, irin wadda ya gani a intanet: jan tako soyayye, cuku yana dalala, ana tsoma shi a kofin romo. Waccan ta Tijuana ce, ta naman shanu, kuma ta Los Angeles ta bi ta game duniya. Ta jihar Jalisco, inda abin ya samo asali, daban take. Akuya ce. A shafe naman da niƙaƙƙen busasshen barkono da tafarnuwa da kanumfari da ruwan tsami, ya kwana, a dafa shi a hankali, sannan a mayar da shi tanderu bayansa ya yi ƙuna-ƙuna. A kwano ake kawo ta, da romon tumatir, albasa da lemun tsami a gefe, tortiya masu zafi a naɗe cikin ƙyalle. Kai za ka haɗa takonka da hannunka.

Unguwar Nueve Esquinas a tsohon gari ta yi suna da ita. Haka kasuwar San Juan de Dios, wadda aka buɗe gininta na yanzu a 1958, mai rumfuna kusan dubu uku, da bene guda na masu abinci. A irin wannan kasuwa kowa yana kiranka, kowa yana miƙo ɗanɗano. Gwani ba ya zama a rumfar farko. Yakan zaga sau ɗaya, ya ga inda 'yan kasuwar da kansu suke zaune, masu dako da masu sayar da takalma, ya nemi gefen benci a nan.

Kalmar barbacoa ma in ka ji ta a garin nan kada ka sa ran rago da rami. Naman shanu ne da aka dafa da barkono, a tsoma tortiya a jan kitsensa a soya ta ta yi ƙamas, kuma abincin safe ne. Barkonon yankin, na Yahualica, siriri ne ja, ba ya wasa.

Monterrey: garwashi da gayyata

A Monterrey hanci ne jagora. Ƙanshin gawayin mesquite yana tashi tun la'asar. Filin wasan da aka buɗe a 2015 yana Guadalupe, dutsen Cerro de la Silla yana leƙo shi, kuma a watan Yuni zafi yakan haura digiri 35.

Abin alfaharin garin cabrito ne, ɗan akuyan da bai wuce wata guda da 'yan kwanaki ba, wanda bai fara kiwo ba, nono kaɗai ya sani. A buɗe shi, a soke shi a sandar ƙarfe, a jingina a gefen garwashi, ba a kan harshen wuta ba, a riƙa juyawa har fatar ta yi ja ta bushe. Gishiri ne kawai kayan haɗinsa. A kasuwar Juárez da gidajen abinci na cikin gari za ka gan su a jere bayan gilashi. Baƙo yakan ce a ba shi cinya. Ɗan gari yakan nemi wajen ƙoda, inda kitse ya fi taruwa.

Da safe akwai takon machacado, busasshen naman shanu da aka daka aka soya da ƙwai, da na kan saniya, da na zazzagaggen nama. Da dare akwai pirata, gasasshen naman shanu da cuku a babbar tortiyar fulawa. Amma gashin da mutanen Monterrey suke taƙama da shi, carne asada, ba a shago ya fi kyau ba. A tsakar gida ake yinsa, ran hutu ko ran da ƙungiyoyin ƙwallon garin, Tigres ko Rayados, suke wasa, maigida a gaban wuta, dangi da maƙwabta a kewaye. Ba a sayen wannan da kuɗi. Wanda ya iya gaisuwa, ya iya hirar ƙwallo, ya san kada ya yabi ɗayar ƙungiyar a gidan masoyin ɗayar, shi ake cewa ya biyo gida. Da ɗan gari akan ci gari.

Idon Musulmi a gaban kasko

Ga Musulmi wannan gwaninta ba ta kwaɗayi kaɗai ba ce, larura ce. Alade ya shiga girkin Meksiko ta ƙofa da taga. Al pastor alade ne, haka carnitas na Michoacán da ake soyawa a tukunyar tagulla, haka cochinita ta Yucatán, haka jan naman sanda na Monterrey. Waɗannan a fili suke. Na ɓoye su ne abin lura. Suadero naman shanu ne, amma sau da yawa a kasko ɗaya yake iyo da tsiran alade. Wake da tortiyar fulawa akan sa musu kitsen alade, manteca. Markaɗen barkonon da ake ba da barbacoa da shi, salsa borracha, da giyar pulque ake dama shi. Kifin Ensenada mai kabeji, wanda ake ɗauka mafaka ne, akan kwaɓa fulawarsa da giya.

Don haka kalmomi kaɗan sun zama guzuri: cerdo da puerco alade ne, res saniya, borrego rago, chivo akuya, pollo kaza. Sai tambaya ɗaya, ko akwai manteca a ciki. Masu tako ba sa jin haushin tambaya, kuma matambayi ba ya ɓata. Amma ido ya fi baki: in kasko ɗaya ne, wuƙa ɗaya, katako ɗaya, amsar tana gabanka. Wurin da ke sayar da abu ɗaya tak, rago zalla ko akuya zalla, ya fi sauƙin sha'ani. Batun yanka kuma yana nan, don Musulmin ƙasar ba su kai dubu goma ba a ƙidayar 2020, mahautansu kuma 'yan kaɗan ne. Wannan kowa ya warware shi da malaminsa tun kafin ya hau jirgi.

Wanda ya zaɓi barin nama gaba ɗaya ba zai kwana da yunwa ba, kuma lokacin gasar ya yi masa daidai. Yuni da Yuli damina ce a tsakiyar ƙasar, lokacin furen kabewa da naman kaza da huitlacoche, wato burtuntunar da ke fitowa a goyon masara, wadda manomin Meksiko yake sayarwa da tsada fiye da masarar kanta. Matan da ke gasa shuɗiyar tortiya a bakin kasuwa su ne masu wannan fanni. A Oaxaca, da kasuwannin babban birni, har fara ake soyawa da barkono da lemun tsami a zuba a tako. Abin sha kuma, jan ruwan nan da ke cikin babbar kwalba, agua de jamaica, zoɓo ne. Meksiko tana cikin manyan masu sayen zoɓorodon da ake tarawa a Jigawa da Kano, har ma akan soya furen da aka tace a yi tako da shi.

Ladabin tsayuwa

Ranar wasa, kewayen fili cike yake da masu abinci, wasu na kullum ne, wasu ranar kaɗai suka fito. Mai tafiya Azteca, wanda zai hau ƙaramin jirgin ƙasa daga tashar Tasqueña, gara ya ci a unguwar da ya kwana, ko ya ratsa titi biyu uku baya da fili inda mazauna suke ci. Yana duba abubuwa kaɗan. Su wa ke layi, masu rigar ƙwallo da kyamara ne zalla ko akwai mata da yara da 'yan sanda da direbobi? Mai karɓar kuɗi shi ne mai taɓa nama? Markaɗen barkonon na yau ne ko ya yi fata a sama? Kuskure ɗaya a nan yana iya sa mutum ya kalli wasan da ya tsallako teku dominsa daga kan gadon masauki.

In ya gamsu, ba ya cewa a ba shi shida. Biyu yake fara nema, don tako minti ɗaya yake da shi kafin ya huce, wanda ya ƙara kuma sabo za a yi masa. Za a tambaye shi, con todo, wato a sa albasa da ganye. Barkono kuwa ɗigo ɗaya yake fara ɗanɗanawa a gefen faranti, don launi yana yaudara: koren yana iya fin jan zafi, kuma in ɗan Meksiko ya ce maka kaɗan yake da yaji, ka riƙe ruwanka kusa. A tsaye ake ci, a ɗan sunkuya gaba, a karkata kai, ba a karkata tako ba. In wani ya zo wucewa zai ce maka provecho, kai ma ka ce wa na kusa da kai in za ka tafi. Kuɗi sai an gama. A wurare da yawa mai tako zai tambaye ka nawa ka ci, kuma abin da ka faɗa shi zai karɓa.

Daga zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe, jadawalin 2026 ya mayar da dukkan wasanni Amurka, amma wanda ya koyi wannan karatu bai rabu da amfaninsa ba. A Los Angeles da Houston da Dallas akwai miliyoyin 'yan asalin Meksiko, kuma a jikin motocin abinci za ka ga an rubuta estilo Jalisco, estilo Sinaloa, estilo Tijuana, kowa yana shelar salon garinsu. Na Sinaloa jatan lande da kifi za ka nema a wurinsa. Na Sonora gasasshen naman shanu da tortiyar fulawa. Na Hidalgo sai ƙarshen mako. In allo bai faɗi komai ba, akwai tambayar da ta fi kowace taswira aiki, kuma ba mai tako da ba ya son a yi masa ita: maigida, kai mutumin wane gari ne? Duk garin da ya ambata, abin garin nan za ka ce ya ba ka.